ZAUREN 'YAN MATA: RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

Na san a fitowar da ta gabata na yi muku alkawarin ci gaba da maganar gyaran gashi da kula da fata a lokacin hunturu, to ku yi mini afuwa, alkawarin yana nan ban manta ba. Wani abu ne ya faru a gidanmu a Ɗambatta wanda ya hana ni barci kwana da kwanaki, har na ga in ban amayar da shi a nan ba, alƙalamina ba zai iya rubuta komai ba.

Ina da wata ƙanwa, 'yar Gwaggona ce, amma a ɗaki ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Ba zan ambaci sunanta ba, kuma sai da na nemi izininta kafin na ɗauki biro. Akwai wani saurayi daga wajen Makoɗa, malamin firamare ne, ranar Lahadi kuma yana taya yayansa tsaron rumfa a kasuwarmu. Shekara biyu cur yana zuwa zance wurinta, ba a taɓa jin kansu ba. Yaro mai kunya, mai gaida manya, in ya zo sai ya tsuguna har ƙasa ya gaida Kaka kafin ya aika a kira ta. Manya suka shiga maganar, aka kai kuɗin gaisuwa, aka sa rana bayan an gama kawar da amfanin gona, aka kawo lefe akwati biyar, mu kuwa 'yan mata har mun fitar da anko.

To kun san a watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano: gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta, da tunjere, da kuma gwajin jinotayif. Su biyun suka tafi asibiti kamar masu zuwa ɗaukar hoto, don a ganinsu cika sharaɗi ne kawai. Da la'asar ina zaune ina gyaran rubutun sabon littafina sai ga ta ta faɗo ɗaki da takarda a hannu, fuskar nan cike da fara'a.

"Yaya, albishirinki! Duk lafiyarmu lau. Kuma kin san wani abin mamaki? Ni AS, shi ma AS. Kin ga har jininmu iri ɗaya ne."

Jama'a, wallahi sai na ji kamar an kwara mini ruwan randa a tsakiyar hunturu. Na karɓi takardar na duba, na sake dubawa. Na ce, "Ba su yi muku bayani a can ba?" Ta ce an ce su dawo gobe su ga likita, layi ya yi yawa. Ta tsaya tana kallona, fara'ar tana raguwa a hankali. "Yaya, lafiya? Wani abu ne?"

Kafin in gaya muku amsar da na ba ta, bari in koma da ku aji, domin na lura da yawanmu mun haddace wannan darasi ne don WAEC, muna ajiye biro muka bar shi a ɗakin jarrabawa. Ni kaina haka na yi, sai da rayuwa ta sa na koma na kakkaɓe littafin Bayoloji na.

Bahaushe ya daɗe da sanin gado. Shi ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar suna kuwa ba sai na gaya muku ba, kowace tsohuwa ta zama masaniya: "hancin nan na ubansa ne," "goshin kakarsa ya kwaso," "wannan wushirya in ta fito ta gidan su uwar ce." Manomanmu ma haka. Kakana, Allah ya ji ƙansa, in an yi girbi yakan ware zangarniyar geron da ta fi tsawo da cika ya rataye ta daban, ya ce wannan iri ne, ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa shi. Mai sayen akuya a kara ma yakan tambayi uwarta, ko mai haihuwar tagwaye ce. Abin da ba mu sani ba shi ne ta wace hanya gadon yake bi, kuma me ya sa wani lokaci yake tsallake uwa da uba ya faɗo kan jika.

Wanda ya fara gano hanyar wani malamin coci ne, Gregor Mendel, a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yanzu. Shi ma aikin lambu ya yi. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani irin wake na ƙasarsu yana haɗa su aure da hannunsa, yana ɗaukar garin furen wannan ya sa wa wancan. Ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye, kamar gajartar ta ɓace. Da ya bar waɗannan 'ya'yan suka yi nasu 'ya'yan, sai ga gajarta ta dawo: ya ƙirga dogaye 787, gajeru 277. Wato kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Ku riƙe wannan lissafi na ɗaya cikin huɗu, za mu dawo kansa, kuma shi ne ya sa ƙanwata kuka. Mendel ya fitar da bincikensa a 1866, ba wanda ya kula shi, sai a 1900 bayan ya daɗe da rasuwa aka tono aikin aka ga gaskiyarsa. (Marubutan da littafinsu ya kwanta a kasuwa, sai ku ɗan ji sanyi.)

Abin da ya gano shi ne, kowace siffa tana da ƙwayar gado guda biyu a jikin ɗa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai ta nuna kanta. Wata kuwa mai laɓewa ce, ba ta fitowa fili sai ta gamu da 'yar'uwarta irinta daga ɗaya ɓangaren. Tana iya yin shiru a cikin dangi daga kaka zuwa uwa zuwa jika ba wanda ya san tana nan.

To a ina waɗannan ƙwayoyi suke zaune? Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ɗaya akwai wasu ƙulle-ƙulle kamar zaren saƙa da aka naɗe, su ake kira kuromosom, kuma guda 46 ne, an jera su biyu-biyu, ƙafa 23. Zaren da aka naɗe ɗin shi ne DNA, wanda in da za a warware na ƙwayar halitta ɗaya tak a miƙe shi, zai kai kusan mita 2. A jikin zaren nan ne ƙwayoyin gado suke jere, kimanin 20,000. Kada ki ji kunya in lissafin ya rikice miki, domin su kansu masanan sun yi shekara talatin da wani abu suna cewa 48 ne, sai a 1956 wasu masu bincike biyu, Tjio da Levan, suka ƙirga da kyau a ƙasar Suwidin suka ce a'a, 46 ne.

Ni yadda na fahimtar da kaina shi ne da akwatunan lefe. Ki ɗauka kowane mutum yana da akwati 46, rabi daga gidan uwarsa rabi daga gidan ubansa. In ya tashi haihuwa ba duka zai ba ɗansa ba, daga kowace ƙafa ɗaya zai bayar, 23 ke nan. Ƙwan mace yana ɗauke da 23, maniyyin namiji yana ɗauke da 23, in suka haɗu ɗa ya samu nasa 46 cif. (Ku gafarce ni, babu kunya a wajen neman sani.) Kuma kafin a bayar ɗin sai an ɗan yi musayar kaya tsakanin akwatin uwa da na uba, sannan ba mai zaɓen wanda zai tafi. Shi ya sa za ki ga 'yan ɗaki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wannan fara doguwa, wannan baƙa gajera. Launin fata da tsawo ma ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da su ba, ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa suke haɗa hannu, ga kuma abinci da lafiyar ƙuruciya suna sa nasu. Mu marubuta ne dai muke da ikon ba tauraruwarmu dara-daran idanu da dogon hanci da gashi har gadon baya a shafi ɗaya, mu kuma ba 'yarta irinsu sak a littafi na biyu.

Wannan ya isa ya kashe wani zargi da ke rusa gidaje. A haifi yaro bai yi kama da uba ba, sai a fara ƙus-ƙus a bayan ɗaki. Ko miji da mata baƙaƙe su haifi zabiya, a ce wai iska ce ko wani abu uwar ta aikata. Alhali zabiyanci ƙwaya ce mai laɓewa, uwa na da ɗaya uba na da ɗaya, suka haɗu a kan yaron. Malaminmu na Islamiyya ya taɓa karantar da mu labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wurin Manzon Allah (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launinsa ya saɓa da nasa, sai aka tambaye shi launin raƙumansa, da yadda aka yi wani ya fita daban a cikinsu. Da bakinsa ya ce wataƙila daga kakanni ya ɗauko, aka nuna masa ɗansa ma haka ne. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, ku tambayi malamanku.

Sai kuma babbar magana, wadda nake so kowace yarinya ta karanta wa Innarta. Ƙafa ta 23 ita ke raba mace da namiji. Mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Tunda uwa X kawai gare ta, kowane ƙwai nata X yake ɗauke da shi, ba ta da wani abin bayarwa. Uba ne wani maniyyin nasa ke ɗauke da X wani Y. In mai X ya riga isa, a haifi mace, in mai Y ne, a haifi namiji. Mace ce ma ta gano wannan, wata Ba'amurkiya mai suna Nettie Stevens, a 1905, tana bincike a kan wasu ƙwari. To don Allah ku gaya mini, matar da ta jera 'ya'ya mata biyar aka sa ta a gaba da gori, uwar miji na cewa ta cika musu gida da masu tafiya gidan wani, har a yi mata kishiya don a nemo magaji, laifin me ta yi? Shi ma mijin ba laifinsa ba ne, don ba shi ke zaɓa ba, kyauta ce ta Allah, yana ba wanda ya so mata ya ba wanda ya so maza. Amma in har sai an nemi ta inda abin ya biyo, to ba ta ɗakin matar ba ne. Ni kaina na yi wannan kuskure a littafina na farko, inda na sa amarya ta zo ta haifi namiji a cikin fari, na rubuta kamar wata bajinta ta yi. Da zan sake buga shi sai na gyara wurin.

Yanzu mu dawo kan takardar ƙanwata.

A cikin jininmu akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iskar numfashi ko'ina a jiki. Ƙwayar gadon da ke tsara sinadarin cikinsu tana kan kuromosom na 11. Lafiyayyar ana kiranta A, wadda ta samu canji ana kiranta S. Kowa biyu gare shi. Mai AA daga uwa A daga uba A. Mai AS yana da ɗaya-ɗaya, kuma lafiyarsa lau, yana noma yana dakan fura, yawanci bai ma san yana ɗauke da komai ba, domin S mai laɓewa ce. Mai SS shi ne mai amosanin jini, wato sikila. Ƙwayoyin jininsa maimakon su zama kewayayyu masu laushi, sai su lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi yake zuwa, irin wanda babban mutum ke kuka da hawaye. Kuma lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, idanu su yi ɗorawa kamar mai shawara.

In AS ya auri AS, ga yadda abin yake. Na ɗauko ƙwarya biyu a ranar, na sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya a kowace, na ce wa ƙanwata wannan ƙwaryarki, wannan tasa. Rufe ido ki ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can. Fari da fari, AA. Fari da ja, ko ja da fari, AS. Ja da ja, SS. Hanya huɗu ce, ɗaya daga ciki ita ce ciwon. Lissafin Mendel ke nan bai canza ba.

Ta yi shiru, can ta ce, "To Yaya, ai uku lafiyayyu ne. In muka tsaya a 'ya'ya uku fa?"

Na ce mayar da waken cikin ƙwarya ki sake ɗauka. Wannan shi ne wurin da mutane da yawa suke ruɗewa, har da masu ilmi. Ba layi ake bi ba, a ce na fari da na biyu da na uku sun tsira sai na huɗu. Kowane ciki sabon ɗauka ne, waken yana komawa ƙwarya. Wata za ta haifi shida ba mai ciwo ko ɗaya, wata ta haifi uku a jere duk SS. Ta ɗauka sau goma sha biyu a gabana, ja da ja ya fito sau huɗu, biyu daga ciki a jere. Sai ta ture ƙwaryar, wake ya watse a tsakar ɗaki.

Ba baƙon ciwo ba ne a gidanmu, shi ya sa jikina ya mutu tun da na ga takardar. Babbar yayarmu auren zumunci aka yi mata da ɗan Baffanmu, lokacin ba mai maganar gwaji. 'Ya'yanta biyu na farko duk sun koma kafin su shekara uku. Yaro zai zo lafiyayye ɓul-ɓul, sai ya kai wata shida, hannu da ƙafa su kumbura, ya yi ta tsala kuka dare da rana ba a san inda ke masa ciwo ba. (Daga baya likita ya gaya mana jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki ne yake kare shi a watannin farko, in ya fara ƙarewa sai ciwon ya bayyana.) Ba abin da ba a ce ba. Aka ce wabi take yi, aka ce mayu ne, aka ce nononta ne ba kyau, aka yi turare aka yi rubutu aka yi tsaga. Wata tsohuwar maƙwabciya har daina gaisawa aka yi da ita a kan zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba, ta rasu ba a nemi gafararta ba. Sai a kan na uku, wanda yanzu yake aji huɗu na firamare, aka kai shi asibiti a Kano aka auna jininsa aka ce SS ne. Ban ce duk mai wabi sikila ce ke kashe mata 'ya'ya ba, cututtukan yara suna da yawa. Amma ina tunanin iyaye mata nawa ne a ƙauyukanmu aka sa wa 'ya'yansu Ajuji da Ayashe, alhali maganar tana cikin jinin uwa da uba ne baki ɗaya.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu wannan ciwo duk shekara a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai mu, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne. Ki duba ajinku, in ku arba'in ne, to wajen goma. A nan gabas da mu, a ƙasar Garki wadda ta koma Jihar Jigawa a 1991, an yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976. Da suka auna jinin mutanen ƙauyukan, sun samu kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Ba sai an gaya miki inda sauran suka tafi ba.

Za ki ce to me ya sa abin ya yi mana yawa haka? Sauro ne. A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A ƙasa irin tamu mai damina da kududdufai, shekaru aru-aru masu AS suka fi rayuwa suka hayayyafa, ƙwayar ta yaɗu. Ashe abin da ya kare kakanninmu shi ne yake cin jikokinsu in ya zo biyu. Don haka AS ba abin kunya ba ne ba kuma tsinuwa ba ce. Ni da nake muku wannan rubutu AS ce, bayan maganar ƙanwata na je na auna. (Kuma ba a ce mai AS ta yar da gidan sauro ba, zazzaɓi yana kama mu sarai.)

Game da auren zumunci, kada a ce na ce haramun ne ko na zagi al'ada. Abin da yake akwai shi ne, 'ya'yan wa da ƙani kakanninsu ɗaya, don haka in akwai wata ƙwaya mai laɓewa a gidan, sun fi bare yiwuwar haɗuwa a kanta. Amma ga ƙanwata nan, ita da saurayinta ba dangin iya ba na baba, kuma suka haɗu. Gwaji shi ne magana, ko da ɗan'uwa ko da bare. AA da kowa ba za su haifi SS ba, ko da SS ɗin ya aura 'ya'yan AS za su zama. AS da SS kuwa rabi da rabi ne a kowane ciki. Akwai kuma wata ƙwayar da ake kira C, ta fi yawa a ƙasar Yarbawa da arewacin Gana da Burkina Faso, ita ma in ta haɗu da S tana ba da ciwo. Sannan kada ku haɗa jinotayif da rukunin jini na A da B da O, wanda ake dubawa in za a yi ƙarin jini. Wata ƙawata ta ce mini ita ai O ce ba ruwanta da sikila, na ce ke, hanyar jirgi daban ta mota daban.

Su kuma 'yan'uwanmu masu SS da ke karanta wannan fili, kada ranku ya ɓaci. Zamanin binciken Garki ya wuce. Ɗan yayata yana shan maganinsa kullum, yana shan ruwa da yawa, yana kwana cikin gidan sauro, in hunturu ya kama a dunƙule shi da rigar sanyi da safa, ana kai shi ganin likita a kan lokaci, kuma shi ke zuwa na ɗaya ko na biyu a ajinsu. Akwai masu SS da suka yi digiri, suka yi aure, suka haihu. An ma fara dashen ɓargo a Nijeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, sannan a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani da ke gyara ƙwayar gadon kanta, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, ko gonakin unguwarmu duka aka sayar ba za su biya ba.

Gidanmu kuwa ya rabu biyu. Gwaggo ta ce ita ba za ta mayar da lefe ba ta zama abin nuni a gari, cuta da lafiya duk na Allah ne, su da aka yi musu aure ba gwaji ba ga su nan ba? Kawu ya ce tawakkali ba shi ne ka ga rami ka rufe ido ka taka ba. Wani daga cikin abokan angon har ya kawo shawarar wai akwai inda za a ba da ɗan wani abu a rubuto AA a takarda. Wallahi da na ji sai da na rasa bakin magana. Takardar za ka ruɗa ko jinin? Shi dai saurayin, Allah ya saka masa, ya ƙi. Abin da ya roƙa shi ne a sake gwajin a wani wuri a Kano, ko an yi kuskure, kuma yana da gaskiya, kuskure na faruwa, gara a auna sau biyu a wurare daban-daban. Muka shiga mota mu uku da sassafe, ba mai cewa uffan har muka isa. Sakamako ya fito, bai canza ba.

Babbar yayarmu ita ce ba ta ce komai ba duk kwanakin nan. Ana cikin haka sanyi ya sauko, ciwon ɗanta ya tashi cikin dare, aka kwantar da shi. Sai ta aiko a ce wa ƙanwata ta zo ta taya ta kwana a asibiti, don ita ta gaji. Ban san abin da suka tattauna ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san yaron ya kwana yana kiran "Umma ƙafata, Umma bayana," ana ƙara masa ruwa, uwar tana danna masa gaɓoɓi har asuba.

Da ta dawo da safe ba ta shiga ɗakinmu ba, ɗakin Gwaggo ta wuce, ta durƙusa. Ina daga bakin ƙofa na ji ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, a mayar musu da kayansu." Gwaggo ta fashe da kuka, ita ma ta fashe da kuka. Ni da matar Kawu muka kai akwatunan Makoɗa ranar wata Talata. Uwar yaron ta karɓe mu da mutunci, ta kawo mana fura, ba wadda ta iya sha. Ta ce a bar wa yarinyar akwati ɗaya, kyauta ce daga ɗanta, ba lefe ba.

Har yau akwatin yana kan durowarmu ba ta buɗe shi ba. Tana cin abinci kaɗan-kaɗan, ta koma ɗinkinta, wani lokaci cikin dare ina jin tana jan hanci sai in yi kamar barci nake. Shekaranjiya tana tsintar shinkafa ta ɗago ta ce mini, "Yaya, da tun ranar da ya fara aiko yaro a kira ni na san jinina, da tambayar farko da zan yi masa ke nan, tun kafin in san kalar muryarsa." Ta ce in rubuta wannan ɗin yadda ta faɗa. Ƙannenmu biyu da ke sakandare kuwa Kawu ya ce ranar Litinin zai kai su a auna su, tun ba wanda ya fara tsayawa a ƙofar gida.

Masu aiko da wasiƙu, na ga saƙonninku, na 'yar'uwa daga Kazaure da ta yi tambaya kan tagwaye shi zan fara amsawa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, sannan mu koma kan maganar gyaran gashin da na yi alkawari. Ku sa ƙanwata a addu'a.

Taku har kullum, daga Ɗambatta.